Akwati mai soket da faffaɗar waya: na'urar gwada furosesa ce ko wani abu daban?

Wani ɗan'uwa ya aiko da tambaya. Ya ce ya tsinci wani ɗan akwati cikin tsofaffin kayan lantarki. A samansa akwai soket mai ramuka 40 da makulli a gefe. Daga gefe ɗaya wata faffaɗar waya ta fito, ƙarshenta fulogi ne mai ƙafafu 40 irin na aisi, wato ɗan baƙin ƙwayar lantarkin nan mai ƙafafu jere biyu da ake dasawa a allo. Daga ɗaya gefen kuma waya ce mai kauri da babban kai. Takardar sunan ta goge, babu allon kallo, babu madannai. Yana zaton na'urar gwada furosesa ce ta zamanin da, kuma yana da tsohuwar furosesa (aisin da ke zaman ƙwaƙwalwar kwamfuta) samfurin Z80 a hannu. Shin ya saka ta ya gani?

Malam, ka dakata tukuna. Kada ka saka komai a wannan soket, kada kuma ka ba akwatin wuta. Daga yadda ka siffanta shi, na fi zaton soket ɗin ba don furosesa aka yi shi ba sam, kuma ko da don ita aka yi, ba ka san wacce ba.

Kuskuren da masu tara tsofaffin kayan kwamfuta suka fi yi shi ne da zarar sun ga soket mai makulli sai su fara tambayar wace furosesa ce ke shiga nan. Akwai tambayar da ta riga wannan: me ake gwadawa da na'urar? A shekarun 1970 da 1980 an ƙera kayan gwaji iri-iri masu kama da juna a ido, amma aikinsu ya sha bamban. Wasu aisi ɗin kansa suke gwadawa. Wasu allon da aisi ɗin ke zaune a kai suke bincikawa, su nemo inda layi ya yanke ko ma'ajiyar bayanai ta lalace. Wasu kuma ba ruwansu da lalacewar kaya, manhajar da injiniya ke rubutawa suke bi mataki-mataki. Abin da zai ba ka mamaki shi ne nau'in farko, wanda kowa ke fara zato, shi ya fi wuyar samu a hannun mutane, domin gwajin furosesa na gaske a masana'anta ake yin sa, da injuna masu cika ɗaki.

Abin da ya tona asirin akwatinka shi ne fulogin nan mai ƙafafu 40. Na'urar da ke gwada aisi ba ta bukatar fulogi mai siffar aisi. Irin wannan fulogi ana yin sa ne don a cire furosesa daga allo a cusa shi a gurbinta, ta yadda na'urar za ta zama ita ce furosesar, ta riƙa aika adireshi da karanta bayanai a madadinta. Wato allo ake bincike, ko manhaja. Ita kuma waya mai kauri tana nuna cewa abin da ke hannunka reshe ne kawai, uwar na'urar tana wani wuri.

Wanda ya fi shahara a wannan siffa shi ne na kamfanin Fluke na Amurka, wato 9010A, da ya fito a farkon shekarun 1980. Uwar tana da madannai da layin rubutu mai haske da ɗan ƙaramin kaset na ajiye matakan gwaji. Ita kaɗai ba ta san kowace furosesa ba. Ana haɗa mata ɗan akwati da kamfanin ke kira pod, kuma kowace furosesa da nata: akwai na Z80, na 6502, na 6800, na 6809, na 8080, na 8085, na 8088, na 68000 da sauransu, sunansu na farawa da 9000A. A cikin kowane ɗaya akwai furosesa ta gaske irin wadda aka rubuta a jikinsa. Mai gyara zai zare furosesar allon da ya lalace, ya cusa fulogin, ya danna gwajin layuka, nan take na'urar ta faɗa masa cewa layin adireshi kaza ya manne da wuta ko layin bayanai kaza ya haɗe da maƙwabcinsa. Daga nan ya gwada RAM, ma'ajiyar wucin gadi, ya lissafa sa hannun ROM, wato 'yar lambar da ke taƙaita abin da ke cikin ma'ajiyar manhaja ta dindindin, ya kwatanta da na allo mai lafiya. Masu gyaran tsofaffin injinan wasan bidiyo na jefa kwabo har yau suna neman ta ruwa a jallo.

To soket ɗin da ke saman akwatin fa? A na Fluke, fulogin akwatin ne da kansa ke komawa cikinsa, kamar wuƙa da kubenta. In ana shakkar lafiyar akwatin, sai a lanƙwaso faffaɗar wayar a cusa fulogin a soket ɗin, a kulle, a danna gwaji, na'urar ta bincika kanta da wayarta ƙafa bayan ƙafa. A nan kuma ake ajiye fulogin idan an gama aiki don kada ƙafafunsa su karye. Na sha ganin an sayar da irin wannan akwati da sunan injin gwada furosesa, mai saye ya cusa aisi a ciki yana jiran fitila ta kama.

Sai dai ba Fluke kaɗai ke da wannan siffa ba, kuma kama da wane ba ta wane ba ce. Akwai dangin da ake kira ICE, masu kwaikwayon furosesa a cikin allo, na masu rubuta manhaja. Intel ta fitar da ICE-80 a 1975 don furosesar 8080, ana haɗa shi da babbar kwamfutarta shuɗiya ta Intellec MDS. HP ta zo da tsarinta na 64000 a 1979, Tektronix da Motorola da Zilog kowa da nasa. Su ma suna da akwati a tsakiya da faffaɗar waya da fulogi. Akwai kuma kawunan na'urorin leƙen sigina, irin na HP 1611A, waɗanda ba sa karɓe ragamar allo, sauraro kawai suke yi. A irin waɗannan, furosesar allon ce ake mayarwa cikin soket ɗin akwatin, fulogi ya shiga gurbinta, na'urar ta tsaya a tsakani tana rubuta duk abin da ya wuce.

Mitar awon lantarki za ta raba maka gardamar cikin 'yan mintoci, ba tare da wuta ba. Sa ta a wurin da take yin ƙara idan layi ya haɗu. Taɓa rami na 1 a soket da ƙafa ta 1 a fulogi, sannan na 12 da ta 12, na 30 da ta 30, ka yi ta tsallake-tsallake. Idan kusan duka suna ƙara, akwatin mashiga ce kawai, furosesa na zama a soket, kuma kan na'urar leƙen sigina ne ko makamancinsa. Idan shiru ne in ban da layin ƙasa, to kwance sukurorin ka leƙa ciki. Ka ga babban aisi mai ƙafafu 40 da ROM a gefensa da jerin aisi na kariya kusa da bakin wayar? To akwatin na ɗauke da furosesarsa, kuma sunanta da ke rubuce a bayanta ya amsa maka rabin tambayar. Soket ɗin sama kuwa za ka tarar layukansa na tafiya wurin tarin razistoci ne ko suna zagayowa juna, alamar na gwajin kai ne.

A ce an kankare rubutun aisi ɗin, ko gurbinsa babu kowa. Nan ne aikin ke da daɗi, domin kowace furosesa ta wancan zamani tana da inda take shan wuta da inda take sauke ta, kuma layukan allo ba sa ƙarya. Nemi kowane ƙaramin aisi mai lamba da ta fara da 74. A galibin masu ƙafafu 14, ƙafa ta 7 ce layin ƙasa, ta 14 kuma volt 5. A masu 16, ta 8 da ta 16. Ɗora tsinken mita ɗaya a layin ƙasa, ka bi ƙafafun fulogin da ɗayan ɗaya bayan ɗaya. Ka fara da layin ƙasa, don a wasu akwatunan ƙafar wuta ba ta haɗe kai tsaye ba, auna ta kawai ake yi.

Idan ƙarar ta fito a ƙafa ta 29, Z80 ce, kuma za ka samu wutarta a ta 11. Idan a ƙafa ta 2 ne, 8080 ce. Ƙafa ta 1 da ta 20 tare na nufin 8086 ko 8088. Ta 20 kaɗai, da wuta a ta 40, na iya zama 8085 ko 1802 ta RCA ko ɗaya daga cikin dangin 8048 da 8051, sai an ƙara bincike. Ta 1 kaɗai da wuta a ta 7, galibi 6809 ce. Ta 1 da ta 21 da wuta a ta 8 kuwa, galibi ko 6502 ko 6800, kuma wannan kamar tasu tana da tarihi: injiniyoyin da suka bar Motorola suka koma MOS Technology sun fara fitar da 6501 wadda ke shiga gurbin 6800 daidai wa daida, Motorola ta kai ƙara a 1975, aka janye 6501, 6502 ta rage da tsarin ƙafafu mai ɗan bambanci. Inda za ka raba su shi ne bugun agogo, siginar da ke daidaita takun furosesa. 6800 na karɓar bugu biyu daga waje, a ƙafa ta 3 da ta 37. 6502 bugu ɗaya take karɓa a ta 37, ita ce ma ke fitar da nata a ta 3 da ta 39.

Yanzu ka duba dalilin da ya sa na ce kada ka saka Z80 ɗinka. 8080 wuta uku take ci: volt 5 a ƙafa ta 20, volt 12 a ta 28, da volt 5 na ƙasa da sifili a ƙafa ta 11. Ita wannan ƙafa ta 11 ita ce ainihin bakin da Z80 ke shan wutarta. Ka saka ta a gurbin da aka shirya wa 8080, ta samu wuta a juye a bakinta, ga volt 12 a ƙafar da ba ta jure fiye da biyar. Ba za ta yi daƙiƙa biyu ba. Soket ɗin kuma ba zai hana ka ba, don ramukan iri ɗaya ne.

Ƙananan aisi da ke kewaye da gurbin su ma shaidu ne. Inda ka ga 8224 da 8228, 8080 na kusa. 8284 na tafiya da 8086 da 8088. Haka shi ma kiristal, ɗan gwangwanin ƙarfen nan mai lamba a jiki: 8224 na raba bugunsa gida tara, shi ya sa za ka ga kiristal na 18 ko 18.432 kusa da furosesar da gudunta wajen megahaz 2 ne kawai. 8085 na raba shi biyu, don haka 6.144 ya yawaita tare da ita, 14.31818 da aka raba uku shi ne ke ba da 4.77 na kwamfutar IBM PC ta farko, 11.0592 kuwa kusan tambarin 8051 ne. Idan soket ɗin ko fulogin mai ƙafafu 64 ne, zancen ya taƙaita zuwa 68000 ta Motorola ko TMS9900 ta Texas Instruments.

Shekarun abin kuma a bayan aisi suke. Lamba huɗu irin 8134 na nufin mako na 34 a shekarar 1981. Karanta na kowa, ka ɗauki wanda ya fi zama sabo, ka san ba a haɗa allon kafin wannan mako ba, sai fa in an taɓa canja aisi ɗin a gyara, abin da launin dalma zai nuna maka. Ka yi hattara da kayan 1974: lamba 7432 na iya zama sunan aisi, tana iya zama mako na 32 na shekarar.

Takardar waje ta goge, amma da wuya kamfani bai bar sunansa a tagullar allo ba. Allunan HP na ɗauke da lamba biyar, layi, lamba biyar, kuma rabin farko lambar na'urar ce da aka cike da sifili, misali 05004 na nufin allon na 5004A ne. Na Tektronix kan fara da 670. Lambar jiki ta HP ma tana magana: biyun farko ka ƙara su a kan 1960, biyu na biye mako ne, harafin kuma ƙasa, A na Amurka; sai dai ranar gyaran zane na ƙarshe take nunawa, ba ranar da aka ƙera wannan ɗin ba. Idan kayan ya taɓa shiga hannun sojan Amurka, za ka iya ganin lamba 13 da ta fara da 6625, ajin kayan aune-aunen lantarki, da lambar kamfani mai gurbi biyar: 89536 Fluke ce, 28480 HP, 80009 Tektronix. Da irin wannan lamba guda ɗaya sau da yawa ake samo littafin na'urar a rumbunan intanet na Bitsavers ko Internet Archive.

Idan akwai EPROM a ciki, wato ROM ɗin da ake iya gogewa, mai ɗan tagar gilashi da aka lulluɓe da takarda, kada ka ɓare takardar, hasken rana na goge abin da ke ciki a hankali. Ka sa a kwafe shi tun kafin a yi maganar kunna komai, domin wataƙila kwafin da ke hannunka na cikin 'yan kaɗan da suka rage. Abin da ke ciki ma yana faɗin furosesar. Manhajar Z80 da 8080 daga adireshin sifili take farawa, kuma sau da yawa baitin farko F3 ne ko C3 ko 31. 6502 a ƙarshen ROM take neman inda za ta fara, a FFFC da FFFD, ƙaramin rabi a gaba. 6800 da 6809 a FFFE da FFFF, babban rabi a gaba. Wani lokaci ma sunan kamfani da shekara na nan ɓaro-ɓaro cikin rubutun. Tarko ɗaya: TMS2716 na Texas Instruments wuta uku yake ci, ba ɗaya yake da 2716 na Intel ba duk da lambar, kuma 2708 ma wuta uku ne. Na'urorin kwafi na zamani masu araha galibi ba sa karanta su.

Tun da wasu masu karatu na riƙe da abubuwan da ba su yi daidai da naka ba, bari in taɓo su. Wanda ke da ɗan allo mai soket ɗaya, jerin ƙananan fitilu, da aisi 555 mai samar da bugun agogo, ba fulogi ba waya, shi ne ke riƙe da abin da ya fi kusa da injin gwada furosesa, kuma galibi haɗin hannu ne. Dabararsa ita ce a ɗaure layukan bayanai a kan umarnin da ke cewa kada a yi komai a wuce gaba. A Z80 umarnin 00 ne, don haka za ka ga razistoci takwas duk sun gangara layin ƙasa. A 6502 EA ne, biyar sama uku ƙasa. Furosesar sai ta yi ta ƙirga adireshi daga sifili har 65,535 ta sake komawa, fitilun na kamawa bi da bi. Ra'ayina a kan wannan allo: yana da amfani wurin gane aisi da ya mutu murus ko na jabu da aka sake wa suna, amma fitilu na rawa ba shaidar lafiya ba ce. Bai taɓa lissafi ba, bai taɓa rubutu ba, bai taɓa katse aiki ba. Umarni ɗaya ya gwada cikin ɗaruruwa.

Irin wannan ɗaurin ne ma ake amfani da shi tare da HP 5004A ta 1977, ƙaramar na'ura mai tsinke da ke nuna haruffa huɗu. Ana gane ta daga baƙin haruffanta: bayan 0 zuwa 9 sai A, C, F, H, P, U. Duk takardar zanen da ka ga an rubuta irin su 7A70 ko H6U5 a gefen ƙafafun aisi, da ita aka yi nufin a bi allon.

Babban allo mai launin ƙasa-ƙasa da soket iri ɗaya jere-jere da yawa, kowanne da 'yan razistoci, gefe guda kuma da dogon baki mai tagulla, allon gasa aisi ne. Ana cika shi a tura cikin tanda a ba shi wuta don masu rauni su mutu tun a masana'anta. Ƙa'idar sojan Amurka ta MIL-STD-883 ta tanadi awa 160 a zafin digiri 125. Allo mai kauri, sau da yawa zagayayye, da soket ɗaya tak a tsakiya da ɗigo-ɗigon zinariya a zagaye a bayansa, fuskar babban injin gwaji ce irin Sentry na Fairchild ko na Teradyne, kuma za ka iya ganin DUT, wato abin da ake gwadawa, a rubuce kusa da soket ɗin. Ba tare da injin ba, sai dai ado. Mai madannai na 0 zuwa F da allon lambobi shida kuwa allon koyo ne, dangin KIM-1 na 1976 da SDK-85 da Micro-Professor na 1981. Mai soket na ƙafafu 24 ko 28 na rubuta EPROM ne. Idan kuma aisi ya ƙi zama daidai a soket, ƙafafun ƙarshe na ɗan kaucewa, auna tazarar: Tarayyar Sobiyet ta yi kayanta da tazarar milimita 2.5 maimakon 2.54, kuma a tsawon ƙafafu 20 bambancin na kai kusan kashi uku cikin huɗu na milimita. Ka duba haruffan Rashanci, irin na KR580VM80A, kwafinsu na 8080.

Mu dawo kan naka. Idan ya tabbata pod ne, ba shi da hanyar kunnuwa shi kaɗai, daga uwar yake samun wuta da umarni, kuma ban ba ka shawarar ka yi ta gwada ba shi wuta ta ƙafafun babbar wayar da ka ba. Kafasitocin tantalum na wancan zamani, masu kama da ɗigon fenti, sukan haɗe ciki su fashe da zarar sun ji wuta bayan shekaru a ajiye, don haka ko an samu uwar, a fara auna tsakanin layin wuta da na ƙasa. Abin da ya fi saurin lalacewa kuma ya fi wuyar samu shi ne fulogin da wayarsa. Ka samo soket na talaka mai ramuka zagayayyu ka cusa fulogin a ciki ya zama masa takalmi, in ƙafa za ta karye ta soket ɗin ta karye. Kada ka naɗe faffaɗar wayar da ƙarfi, kada kuma ka goge allon da wani sinadari kafin ka ɗauki hoton duk tambari da rubutun hannu da ke kansa.

Ka turo mini hoton allon gaba da baya a cikin haske mai kyau yadda lambobin aisi za su karantu, da hoton kan babbar wayar ta fuskar ƙafafunsa, sannan ka faɗa mini ƙafar fulogin da mita ta yi ƙara da layin ƙasa, da ko soket da fulogi sun haɗu ƙafa da ƙafa.